Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Manyan Joji da Alƙalan Alƙalai na Jihohin Arewa Kan Umarnin Kariya ga Wanda Ake Duka a Gida

  

Na rubuto ne kan wata takarda da doka ta ba kotu ikon bayarwa, amma akasarin waɗanda aka yi ta dominsu ba su taɓa jin labarinta ba. Ina nufin umarnin kariya, wato odar kotu da ke hana mutum taɓa lafiyar wani na gidansa, ko yi masa barazana, ko ma kusantar inda yake. Ku na zaɓa na rubuto wa, ban nufi gwamnoni ko 'yan majalisa ba, domin su sun yi kaso mai yawa na nasu aikin. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, ranar 25 ga Mayu, 2015, saura kwana huɗu ya sauka daga mulki. Da yake ikonta bai wuce Abuja ba, sai da kowace jiha ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018. Bayan kullen korona, lokacin da gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe da cin zarafi a watan Yunin 2020, Bauchi ta bi sahu a shekarar, Jigawa a 2021, wasu kuma suka biyo baya. Doka dai ga ta a rubuce a yawancin jihohinmu. Abin da ya rage shi ne ta fita daga kundi ta isa ɗakin matar da ake duka, kuma hanyar ta teburinku ta bi.

Tsarin, kamar yadda dokar tarayya ta shimfiɗa shi daga sashe na 28 zuwa na 37, hawa biyu ne. Na farko umarni ne na wucin gadi. Mai ƙorafi za ta kawo bayaninta bisa rantsuwa, alƙali ya duba, idan ya ga alamar cewa an yi duka, ko ana yi, ko ana dab da yi, sai ya ba da umarni nan take ba tare da jiran wanda ake ƙara ya halarta ba. A kai masa takardar, a sa masa ranar da zai zo ya faɗi dalilin da zai hana a tabbatar da ita, kuma ranar ba za ta gaza kwana 5 bayan takardar ta shiga hannunsa ba. Hawa na biyu shi ne umarnin dindindin, wanda ake bayarwa bayan an saurari kowa, ko kuma bayan an tabbatar sammaci ya same shi ya ƙi zuwa. A nan ba a neman irin hujjar da ake nema kafin a ɗaure mutum. Ya wadatar alƙali ya ga maganar mai ƙorafi ta fi rinjaye. Wanda ya saɓa wa ɗaya daga cikin umarnin biyu, dokar tarayya ta tanadar masa tarar da ba ta wuce Naira 300,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.

Ku dubi matar da ake duka a yau, ƙofa nawa ne a gabanta? Za ta yi yaji, iyaye su ba ta haƙuri, miji ya turo biko da goro da kalamai masu daɗi, ta koma. Idan ta je caji ofis, sau da yawa amsar ita ce wannan maganar gida ce, su je su sasanta. Idan ta dage har aka kai shi kotu aka tsare shi, ita ce za ta zama abar zagi a danginsa da nata: ta ɗaure uban 'ya'yanta, kuma daren ranar babu mai kawo cefane. Idan ta ce a raba auren, galibi hanyar hul'i ake nuna mata domin ita ta fi sauri, sai ga wadda aka fasa wa baki tana neman rancen kuɗin da za ta mayar da sadaki. Binciken lafiya da ƙididdigar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun gamu da cutarwa daga miji, ta duka ko ta tilastawa a shimfiɗa ko ta muzantawa, kuma kashi 55 cikin ɗari na matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Ba na zargin masu shirun. Mace da yawa ba saki take so ba, ba kuma ɗauri take so a yi ba. So take dukan ya tsaya yau, a samu mai iko ya ce wa mijin kul, kuma kul ɗin ta kasance da haƙora. Umarnin kariya ne kaɗai ya dace da wannan buƙata, domin ba ya kashe aure, ba ya sa mutum cikin jerin masu laifi muddin ya kiyaye.

Na san abin da ke zukatan wasu daga cikinku, musamman malamanmu na kotunan shari'ar Musulunci, kuma ba abin rainawa ba ne. Ta yaya za a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba? Ina i'izari, wato damar da ake ba mutum ya kare kansa kafin hukunci? Ina sashe na 36 na tsarin mulki da ya ba kowa haƙƙin a saurare shi? Wasu kuma na ganin dokar gaba ɗaya baƙuwa ce, an ɗauko ta ne daga waje. Gaskiya ne an ɗauko. Duk wanda ya ajiye waɗannan sassa kusa da dokar Afirka ta Kudu ta 1998 kan rikicin cikin gida zai ga kamar an tsaga kara. Amma Allah ya gafarta malamai, ku kuka karantar da mu cewa mazhabar Malikiyya ta fi kowace faɗaɗa wa mace ƙofa a babin cutarwa. A Muhtasar na Shehu Halilu an ba ta damar neman a sake ta saboda cuta ko da shaidu ba su tabbatar cewa cutar ta maimaitu ba. A Tuhfa ta Ibn Asim, wadda babu alƙalin Arewa da bai san ta ba, ana tabbatar da cutarwar miji da shaidu ko da labarin da ya yaɗu tsakanin maƙwabta, saboda malaman sun san ba a gayyatar adilai biyu kallon duka. Idan ƙorafi ya yawaita hujja ta gagara, alƙali yana zaunar da ma'auratan cikin mutanen kirki da za su sa ido, kafin a kai ga tura masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata. Wannan duka mataki ne na kariya kafin hukunci. Kuma a babin dukiya, idan ana jayayya kan gona ko dabba, alƙali yana dakatar da ita, ya hana a sayar ko a taɓa har a gama shari'a, babu mai cewa an zalunci wanda take hannunsa. Idan gona ta cancanci a kare ta kafin a ji ta bakin kowa, ban ga hujjar da za ta sa haƙarƙarin mace ya jira ba. Umarnin wucin gadi bai yanke cewa miji mai laifi ne ba. Abin da ya hana shi, duka da barazana, dama can ba haƙƙinsa ba ne. I'izarinsa yana nan, ranar dawowa kotu ita ce ranarsa.

Ko a al'adarmu ba sabon abu ba ne. A da, matar da ta gudo ta kawo ƙara akan ajiye ta amana a gidan mai gari ko gidan alƙali har a gama magana, kuma babu mijin da ya isa ya tsallaka wannan zaure ya jawo ta. Garuruwa sun girma, zaurukan sun rufe, ba a kuma sa komai a gurbinsu ba.

To ga roƙona. Sashe na 274 na tsarin mulki ya ba Babban Joji ikon tsara ƙa'idojin aiki a Babbar Kotun jiha, na 279 ya ba Alƙalin Alƙalai irin wannan iko a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kuma ƙananan kotuna daga wurinku suke karɓar umarni. Da takardar ƙa'idar aiki guda ɗaya za ku iya gyara abubuwa da yawa ba tare da kun jira zaman majalisa ba.

Babban cikas shi ne nisa. Dokar tarayya Babbar Kotu ta ba wannan iko, abin da zai iya yiwuwa a Abuja, amma a jihar da Babbar Kotu take a manyan garuruwa uku ko huɗu kawai, daidai yake da an ce babu. Matar da ke ƙauye bayan Birnin Gwari ko Ningi ba ta da kuɗin mota, ba ta da lauya, ba ta ma fita sai da izinin wanda za ta kai ƙara. Kotun da ta sani ita ce ta alƙali, mai zama kusa da kasuwa, inda ake magana da Hausa. A Afirka ta Kudu kotun majistare ce ke ba da wannan umarni, kuma gyaran da suka yi a 2021 ya ba da damar a nema ta intanet. Inda dokar jiharku ta ba majistare da alƙalan shari'a iko, ku sanar da su a rubuce, ku koya musu, domin wasunsu ba su taɓa riƙe kwafin dokar ba. Inda ba ta ba su ba, wasiƙa ɗaya daga Babban Joji da Alƙalin Alƙalai zuwa ga kwamishinan shari'a ta fi zanga-zangar ƙungiyoyi goma tasiri.

Sai lokaci. Umarnin wucin gadi da ya fito bayan mako biyu ba shi da amfani, wataƙila ma ya zama cuta, domin labari ya riga ya isa kunnen miji cewa an kai shi ƙara, ita kuma tana kwana ɗaki ɗaya da shi hannu rabbana. Masu aiki da irin waɗannan mata a ko'ina sun san cewa lokacin da mace ta yunƙura za ta fita ko ta kai ƙara yana cikin lokutan da suka fi haɗari. Ku sa doka: takardar da aka shigar da safe, alƙali ya gan ta kafin a tashi. A kowace gunduma a sa alƙali mai jiran aiki a ƙarshen mako da ranakun hutu, kamar yadda kuke ajiye joji a lokacin dogon hutun shekara. Mun ga yadda yajin aikin ma'aikatan shari'a ya rufe kotuna fiye da wata biyu daga Afrilun 2021. Ku zauna da ƙungiyarsu tun yanzu a amince cewa wannan umarni yana cikin abubuwan da yajin aiki ba ya tsayarwa. A yafe kuɗin shigar da ƙara da na rantsuwa. A buga fom mai shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami, da sauran harsunan jiha, wanda magatakarda zai iya cike wa wadda ba ta rubutu. A kuma manna a bangon kowace kotu cewa ba dole sai ita da kanta ba: dokar ta yarda ɗan sanda, ko ma'aikacin lafiya, ko malamin makaranta, ko jami'in jin daɗin jama'a ya nema a madadinta da izininta a rubuce, ba a ma buƙatar izinin idan yarinya ce ko wadda ba ta cikin hayyacinta. Ma'aikatan cibiyoyin Salama a Kaduna, da Waraka a Kano, da Nana Khadija a Sakkwato, su ne ke fara ganin raunin. Ya kamata fom ɗin ya kasance a aljihun teburinsu.

Akwai wani abu da ake raina shi, alhali a nan yawancin ƙararraki ke mutuwa: kai sammaci. Kowa ya san yadda ake yi. A ce wa mai ƙara ta kawo kuɗin mota na masinja, in ba ta da shi takarda ta kwana a fayil. Wani lokacin ma a miƙa mata ta kai da kanta. Don Allah ku haramta wannan. Ba a aiken mace da takardar kotu wurin wanda ya karya mata hannu. Kotu ta ɗauki nauyin kaiwa, ta hannun ma'aikacinta tare da ɗan sanda, mai unguwa yana shaida. Idan mutum yana ɓuya, a yarda a bar wa mai unguwa ko a manna a ƙofar gida, a kuma aika masa hotonta ta waya.

Ranar dawowa kotu ita ma tana da tarko. Lauyan miji zai nemi a ɗage, ko alƙali ya tafi taro, ko a wayi gari an yi masa canjin wurin aiki. Ku rubuta ƙarara cewa umarnin wucin gadi yana nan da ƙarfinsa har ranar da aka yanke magana, ɗagewa ba ta kashe shi. Amma adalci yana da fuska biyu: kada wucin gadi ya zama na har abada a kan mutumin da ba a saurara ba. Ghana, inda 'yan'uwanmu na zango ke zaune ƙarƙashin dokarsu ta 2007, ta ƙayyade cewa na wucin gadi ba zai wuce wata 3 ba. A ganina ko wannan ya yi tsawo. A sa wa'adin mako biyu zuwa uku a ji ƙarar, a kuma hana ɗagewa fiye da sau ɗaya sai da dalili mai ƙarfi a rubuce. A ranar sauraro a rage jama'a a ɗakin, a raba musu wurin zama, a bar ta ta riga shi fita. Dokar tarayya ta ba alƙali ikon hana wanda ake ƙara, idan ba shi da lauya, ya yi wa mai ƙorafi tambayoyi kai tsaye. Sai dai ya faɗa wa alƙali, alƙali ya tambaye ta. Duk wanda ya taɓa ganin yadda muryar mace ke shaƙewa idan mijin da take tsoro ya zuba mata ido ya ce ta maimaita, ya san dalilin wannan tanadi.

Inda na fi so ku daɗe kuna tunani shi ne abin da za a rubuta a cikin umarnin, domin a nan ne kwafe daga waje ba ya wadatarwa. Waɗanda suka tsara irin wannan doka suna hango gida mai miji da mata da 'ya'ya, sai a ce miji ya fita ya bar mata gidan. A wurinmu gidan sau da yawa na gado ne: ga uwar miji a sashe ɗaya, ga kishiya, ga ƙannensa da matansu. Ba za a kori mutum daga gidan ubansa a bar matarsa tsakiyar danginsa a ce an kare ta ba. Dokar ta ba da zaɓi da yawa, alƙali ne zai ɗinka wa kowa daidai jikinsa. Yana iya hana miji shiga wani sashe na gidan. Yana iya umartarsa ya kama mata wani wurin, ko ya ci gaba da biyan haya. Yana iya hana shi sa wani ya yi masa aikin, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a gidan da ƙanin miji ko uwarsa za su iya karɓar sandar. Yana iya sa ɗan sanda ya raka ta ta kwashe kayanta, ya sa a karɓe makamin da ke hannun mijin, ya hana shi zuwa wurin aikinta ko shagonta, ya kuma ɓoye adireshin inda ta koma. Idan gidan iyayenta za ta zauna, a rubuta cewa da izinin kotu ta zauna, ba ƙin miji ba ne, saboda haka ci da sha da sutura da magani suna nan a wuyansa, a kuma faɗi adadin kuɗi da ranar biya da hannun da za a damƙa wa. Umarnin da bai ambaci abinci ba, yunwa ce za ta soke shi kafin mako ya zagayo. Haka maganar yara: wa ke riƙe da su, yaushe uba zai gan su, a gidan wa. Idan aka bar wannan a buɗe, ta nan zai shigo.

Game da umarnin dindindin, ƙasashe sun sha bamban. A Ghana ba ya wuce wata 12 a karon farko, sai dai a sabunta. A Afirka ta Kudu yana nan har sai kotu ta soke shi. Shawarata ita ce a raba shi biyu. Hana duka da barazana ya zauna ba wa'adi, domin babu ranar da za ta zo a ce yanzu ya halatta. Sharuɗɗan da suka shafi wurin zama da nisanta da kuɗi kuwa a sa musu lokacin dubawa, wata shida ko shekara, saboda aure ba ya zama a rataye. Ko dai an gyara an koma bisa sharaɗi, ko a rabu da mutunci. Idan an tabbatar da cuta kuma ta zaɓi rabuwa, hujjar da aka karɓa a nan ta isa a yi mata saki saboda cutarwa, kada a sake tura ta layin hul'i.

Za a zo janyewa, wannan babu makawa. Kwana kaɗan bayan umarni za ku ga ta dawo da kawu ko wa, kanta a sunkuye, a ce an sasanta a gida. Sulhu alheri ne, ni ma ba na jayayya da haka, kuma dokar kanta ta bar ƙofarsa a buɗe idan mai ƙorafi ce ta nema. Amma ta kuma ce kada kotu ta soke umarni bisa roƙonta sai ta gamsu cewa da son ranta ta zo. Gamsuwar nan ba ta samuwa kawu yana tsaye a kanta. Alƙali ya fitar da kowa, ya bar ta da ma'aikaciya mace, ya tambaye ta. Kuma babu abin da ya hana a koma aure umarnin hana duka yana nan daram. Wanda ya tuba da gaske, me takardar za ta rage masa? Haka nan Hisba da masu unguwanni da limamai, waɗanda su ne ke ɗauke da mafi yawan wannan kaya, a sanar da su iyakar sulhu: inda aka ga jini, ko karaya, ko shaƙe wuya, ko an zare wuƙa, ko an doki mai ciki, a fara da kotu, sulhu ya biyo baya.

Duk wannan kuwa aikin banza ne idan aka saɓa umarni ba abin da ya faru. A 1999, a garin Castle Rock na jihar Kolorado a Amurka, wata mata mai suna Jessica Gonzales tana riƙe da irin wannan takarda lokacin da mijinta, wanda suka rabu, ya kwashe 'ya'yansu mata uku. Ta yi ta kiran 'yan sanda tun yamma har tsakar dare, suna ce mata ta jira. Kafin asuba ya zo ofishinsu yana harbi, suka kashe shi, aka tarar da gawarwakin yaran a motarsa. A 2005 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa tsarin mulki bai ba ta haƙƙin tilasta wa 'yan sanda aiwatar da umarnin ba. Ƙasa ce mai kuɗi da motocin sintiri da kwamfuta a kowane ofis. Dokarmu ta yi dabara a nan: ta ce duk lokacin da kotu ta ba da umarnin kariya, ta haɗa da takardar kamu, a jingine ta, ba za ta yi aiki ba sai ya saɓa. Ku tabbatar ana bayar da su tare, a ba mai ƙorafi kwafi, a kai kwafi ofishin 'yan sandan da ta zaɓa, DPO ya sa hannu ya karɓa. 'Yan sanda ba a ƙarƙashinku suke ba, na sani. Amma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da irinta da jihohi suka yi, ta ɗora wa majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda kowane wata. A ƙara masa tambaya ɗaya cikin abin da yake dubawa: ina rajistar umarnin kariya, nawa aka kawo, nawa aka saɓa, me aka yi? Jami'in da ya san za a tambaye shi a ƙarshen wata ba zai ce maganar gida ce ba.

Kada a ɗauka wannan yaƙi ne da maza. Dokar mutum ta ce, ba ta ce mace ba. Akwai mijin da aka watsa wa ruwan zafi, akwai wanda ke kwana da ido ɗaya saboda an nuna masa wuƙa, kunya ta hana shi faɗa. Shari'ar Maryam Sanda, wadda Babbar Kotun Abuja ta samu da laifin kashe mijinta a hukuncin Janairun 2020, ta isa tunatarwa. Akwai tsohuwar da ɗanta mai shaye-shaye ke duka, da 'yar riƙo, da kishiyar da aka haɗe wa kai. Masu tsoron ƙarya kuma suna da hujja, za a samu wadda za ta yi amfani da takardar don ramuwa ko don ta ci gida. Maganin wannan yana cikin dokar: bayanin bisa rantsuwa ake yin sa, ƙarya a cikinsa laifi ce mai hukunci, kuma saurin sauraro shi ne babbar kariyar wanda aka yi wa ƙazafi. A hukunta mai ƙarya idan ta tabbata, amma kasa kawo hujja ba shi ne ƙarya ba, kada a mayar da wannan sashe abin tsoratar da masu zuwa.

Akwai ƙaya ɗaya da ba ku za ku cire ba, amma muryarku za ta taimaka. Sashe na 55(1)(d) na kundin Penal Code, wanda Arewa ta fara aiki da shi a 1960, ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa idan al'adarsu ta yarda, muddin bai kai ga mummunan rauni ba. Duk jihar da wannan sashe yake raye a kundinta, lauya zai ɗaga shi a gaban majistare, ɗan sanda kuma zai fake da shi. Idan ana bitar dokoki aka nemi ra'ayinku, ku ce a goge shi.

Abu na ƙarshe mai sauƙi ne. A bikin buɗe sabuwar shekarar shari'a kukan karanto adadin ƙararrakin da aka shigar da waɗanda aka kammala. Daga bana a ƙara layi: umarnin kariya nawa aka nema a kowace gunduma, nawa aka bayar a ranar da aka nema, kwana nawa aka ɗauka kafin a kai sammaci, nawa suka zama na dindindin, nawa aka janye, mutum nawa aka kama saboda saɓawa. Ba a buƙatar sunan kowa. Gundumar da ta kawo sifili, a tura mai duba kotuna ya je ya zauna da rajistara da DPO da mai kula da asibitin garin, ya ji dalili.